Sabbin kayan kashe gobara da muka saya: wuta ba ta ratsa su, zafin jiki kuma ba ya fita

Ni ne ke kula da 'yan kwana-kwanan wata masana'anta a Sharaɗa, nan Kano, kuma kafin na zo nan na daɗe ina bin jar mota. Da kamfani ya amince a sauya mana kayan aiki, ni aka tura na zaɓo, ni na sa hannu a takardar karɓa. Mun ga hunturu da kayan nan, mun ga bazara, mun ga damina. Tun daga lokacin abokan aiki na wasu kamfanoni, da masu gidajen mai, da manajojin sito suke ta kirana suna tambaya ko su sayi irinsu. Amsata ita ce ku saya, domin suna tare wuta yadda ya kamata. Amma ku bar wa mai shago takalman da yake haɗowa da su, kuma ku san cewa rigar da ke hana zafin gobara shiga ita ce dai ke hana zafin jikin mai ita fita. A garin nan wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kowane saiti ya zo a jakarsa: riga, wando mai igiyoyin ratayawa a kafaɗa, hular kwano mai gilashi, hular yadi da ke rufe kai da wuya ta bar fuska, safar hannu, sai takalman roba masu kaiwa ƙasan gwiwa. Tukwanen iskar shaƙa da ake goyawa a baya da takunkumin fuska daban muka saye su. Rigar shuɗiya ce mai duhu, da ratsin rawaya mai ƙyalli idan haske ya doke shi. In ka juya wuyanta za ka ga ƙyallen da aka ɗinka mai ɗauke da lamba EN 469, wato ƙa'idar Turai ta kayan kashe gobara. Shafi uku gare ta. Na waje yadin aramid ne, dangin wanda kamfanin DuPont ya fito da shi da sunan Nomex tun shekarun 1960. Ko ka kara masa wuta, da ka janye sai wutar ta mutu, kuma ba ya narkewa ya manne wa fata yadda yadin roba ke yi, sai dai ya ƙandare ya yi baƙi. Na tsakiya siriri ne, aikinsa hana ruwa ratsawa. Na ciki mai taushi shi ke riƙe iska a tsakanin zarensa, kuma wannan iskar ce ainihin katangar da ke tsakaninka da zafi.

Ranar da na yarda da su, soso ne ya kama a wani ɗakin ajiya. Duk wanda ya taɓa fuskantar wutar soso ya san halinta: hayaƙi baƙi ƙirin, zafi mai dukan fuska tun daga nesa, ga narkakken abu yana ɗiɗɗigowa daga sama. Da tsofaffin kayanmu, tun kana taku goma da ƙofa kunnuwanka ke fara soyuwa, dole ka tsaya can kana harba ruwa cikin hayaƙi, rabinsa asara. Wannan karon mutum biyu suka durƙusa a bakin ƙofar, suka shiga da rarrafe har inda suke ganin gindin wutar, suka kashe ta kafin ta kama silin. Da suka fito na ga wani baƙin dunƙule ya daskare a kafaɗar mai riƙe bakin tiyo, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. Narkakkiyar roba ce ta faɗo masa. Na sa bayan wuƙa na ɓamɓare ta, sai ga yadin da ke ƙasa ya koma ruwan ƙasa, ya ɗan yi tauri, amma bai huje ba. Na tambaye shi ko ya ji saukarta, ya ce ya ji dai wani abu ya taɓa shi. Da tsohuwar rigar ce a jikinsa, da a asibiti zai kwana. Ta wannan fuskar ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Ɗinkin bai saki ba har yau, zif ɗin bai taɓa cijewa ba, kuma facin da aka ƙara a gwiwar wandon ya jure rarrafe a kan siminti da fasassun kwalabe.

Sai bazara ta shigo. Mutane suna ɗauka gobara ta hunturu ce kawai, lokacin da iska ke kaɗawa kuma kowa na hura wuta don jin ɗumi. Amma gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a 2016 a watan Maris ta tashi, haka ita ma ta babbar kasuwar Katsina a 2021. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan taɓa digiri 40 ya wuce, kuma a lokacin ne fankoki da firji da na'urorin sanyaya ɗaki ke ɗora wa wayoyin lantarki nauyin da ya fi ƙarfinsu. Kiran da ya fi wahalar da mu shi ne na ƙarfe biyu ko uku na rana a watan Afrilu. Tun a cikin mota, kafin ka hango hayaƙi, ka riga ka jiƙe.

Jikin mutum a digiri 37 yake son zama. In yana aiki mai nauyi tsokoki na haifar da zafi, kuma babbar hanyar fitar da shi ita ce zufa. To zufa ba ta sanyaya kowa don ta fito kawai, sai ta bushe a kan fata iska ta tafi da ita. A cikin rigar nan ba ta da wurin bushewa. Tana tsiyaya ta gadon baya, ta jiƙa singileti, ta bi ƙafa ta taru a takalmi. Na sha kifar da takalmina in ga ruwa ya zubo wanda ba daga tiyo ya fito ba. Jiki ya ga bai huce ba sai ya ƙara zubo wata, har mutum ya yi asarar lita ɗaya zuwa biyu a cikin awa guda ba tare da ya sami sanyin komai ba. Kana nan kamar alalen da aka ƙulle a leda aka jefa tukunya, harshen wuta bai taɓa ka ba, amma kana dahuwa.

Masu ƙera kayan sun san da wannan, kuma sun rubuta shi a jikin rigar ga wanda ya iya karantawa. A ƙyallen nan na wuya akwai haruffa uku, kowanne da lamba 1 ko 2 a gefensa. X na nuna jure wuta da zafi, Y na nuna hana ruwa shiga, Z kuma na nuna yadda tururin zufa ke samun hanyar fita. Biyu ta fi ɗaya. Kusan duk mai saye X yake dubawa ya wuce, alhali a ƙasarmu Z ce ya kamata a fara nema. Amurkawa ma, a ƙa'ida mai lamba 1971 ta NFPA, ƙungiyarsu ta kariya daga gobara, ma'auni biyu suka ajiye gefe da gefe: kariya daga zafin wuta kada ta gaza maki 35, zafin da ke iya fita daga jiki kuma kada ya gaza wat 205 a kowace murabba'in mita ta yadi. Biyun nan kishiyoyin juna ne, in ka ƙara kauri don ka ɗaga na farko, na biyu ya sauka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a ɗakin da zafinsa digiri 25 ne ake yin wancan gwaji na fitar zafi. A digiri 25 iska ta fi fatarka sanyi, tana karɓar zafi daga gare ka. A digiri 41 ita ke ba ka nata. Rigarmu Z2 ce, mafi kyau a ajinta, kuma duk da haka abin da na faɗa a sama a cikinta yake faruwa. Wanda ya sayi Z1 saboda sauƙin kuɗi, Allah ya ba yaransa haƙuri.

Ga kuma nauyi. Na hau sikelin auna kaya na kamfani da singileti da wando, na sauka na yi cikakken shiri har da tukunyar iska na sake hawa. Bambancin ya haura kilo 24. Fiye da rabinsa na tukunyar ne da abin goyonta, domin ta ƙarfe muka saya, mai lita 6 da ake cikawa har matsin iskar ya kai "bar" 300. A takarda iskar cikinta ta minti 45 ce, amma wannan lissafin mai numfashi a natse ne. Mai hawan bene da tiyo a kafaɗa, zuciya na dukan uku-uku, da wuya ya wuce minti 25 usur ɗin gargaɗi bai fara kuka ba. Kuma tukunyar a baya take zaune, tana jan ka baya, kai kuma kana sunkuyawa gaba don ka rama. A fili mai laushi ba komai. A kan tsani, ko a saman tarin kwanon da ya rufto, ƙaramar karkata ta isa ta tafi da kai gaba ɗaya.

Raunin da ya fi tayar mini da hankali tun da muka fara sa kayan nan, bayan an kashe wuta ya faru. Wani ɗakin ajiya ne a saman bene, da rana tsaka, cikin Afrilu. An gama, hayaƙi ya koma fari, kowa ya saki jiki. Wani yaronmu, matashi mai ƙarfi wanda ba ya fashin atisaye, yana saukowa daga matakala. Akwai tiyo a kwance ya gitta mataki na uku daga ƙasa, shi da kansa ya tsallake shi lokacin hawa ba tare da ya ko kalle shi ba. A saukowa ƙafarsa ta gaba ta haye, ta baya ta kama. Ina tsaye a ƙasa ina kallo. Ya tafi ta gefe, tukunyar ta juya shi, ya sauka a kan gwiwa da hannu ɗaya. Muka ruga, na cire masa hula. Fuskarsa ta yi jawur, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, gashinsa sharkaf. Na ce masa, "Sannu, kwanta abinka, kada ka yunƙura." Ya dube ni ya ce, "Oga, wallahi na ga tiyon. Na ɗaga ƙafar, ita ce ba ta ɗagu ba." Targaɗe ya samu a idon sawu da wuyan hannu, Allah ya kiyaye ba karaya. Da daga mataki na goma ne, da wata maganar ake yi.

Abin da ya faɗa gaskiya ne tsantsa, kuma masana sun auna shi. A cibiyar horar da masu kashe gobara ta Jami'ar Illinois da ke Amurka, an sa ma'aikata tsallake shinge cikin cikakken shiri, aka ga masu goyon tukunya mai nauyi sun fi taɓa shingen, kuma da ƙafar baya suke taɓawa. Kuskuren taku yana ƙaruwa bayan sun fito daga ɗakin wuta a gajiye. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a can, ta yi irin wannan gwajin da takalma masu nauyi daban-daban, kuma a sakamakon da ta fitar a 2012, gwargwadon nauyin takalmi gwargwadon yadda yatsun ƙafar baya ke kusantar abin da ake tsallakewa. Ƙafar gaba ido na ganin ta. Ta baya kuwa jiki ne kawai ke ƙiyasta inda take, kuma jikin da ya yi zafi, ruwansa ya ƙare, ƙiyasinsa ba ya zuwa daidai. Ka haɗa da takunkumin fuska da ke toshe maka ganin ƙasa sai ka sunkuyar da kai gaba ɗaya, ga gilashin ya yi raɓa, ga ƙasa ta jiƙe da ruwa da kumfa da toka. A ƙididdigar da ƙungiyar NFPA ke fitarwa duk shekara, faɗuwa da zamewa da tuntuɓe na cikin manyan abubuwan da ke raunata ma'aikata a wurin gobara, kusan ɗaya cikin kowane rauni biyar, kuma ƙuna ba ta kai su yawa ba. Mu da muke aiki a lungunan da kwata ke buɗe, rodi ya leƙo daga gini, kayan mutane a zube ko'ina, ba na jin namu zai fi nasu sauƙi.

Shi ya sa na tsaya a kan takalmi, kuma a nan ne saitin ya gaza. Takalman robar da suka zo da shi suna da kyawun gani, baƙaƙe da rawaya, da ƙarfe a baki da faranti a tafi don kada ƙusa ta huda. Ruwa ba ya shiga, wankewa ba wuya, kuma cikin daƙiƙa biyu ka zura ƙafa. Amma na ɗora ƙafa biyun a sikeli sun haura kilo 3. Tun 1969 masu bincike na sojan Amurka suka nuna cewa nauyin da ke ƙafa ya fi na baya cin ƙarfi ninki huɗu zuwa shida, domin kowane taku sai ka ɗaga shi ka jefa gaba. Ban da nauyi, ba sa kama ƙafa. An yi su da faɗi don kowa ya samu shiga, saboda haka dunduniya na tashi tana komawa a ciki, kuma da zufa ta taru sai ƙafar ta riƙa zamewa a cikin takalmin tun kafin takalmin ya zame a ƙasa. Idon sawu ba shi da wani tallafi. In ka taka gefen bulo, takalmin ya tsaya, ƙafarka ta lanƙwashe a cikinsa. Tafinsa kuma ya yi tauri har ba ka jin sandar tsani sosai a ƙarƙashinka, sai ka riƙa lalube.

Bayan faɗuwar yaron nan na matsa aka saya wa masu shiga ciki takalman fata na kashe gobara, masu lamba EN 15090, irin masu igiya a gefe da zif a gaba. Igiyar sau ɗaya kake ɗaure ta daidai ƙafarka, daga nan zif kawai za ka riƙa ja. Kuɗinsu ya kusa ninka na roba uku, kuma sai da na sha zirga-zirga ofishin akanta kafin a sa hannu. A sikeli sun gaza na robar da kusan kilo guda. A ƙafa kuwa bambancin ya fi haka nisa. Dunduniya na zaune wuri ɗaya, tafin na lanƙwasawa a inda yatsu ke lanƙwasawa, kana jin kowace sandar tsani. Makon farko suna cizo a bayan agara, sai an sa safa mai kauri an yi ta yawo da su a fili kafin su saki. Suna son a goge su a shafa musu mai, kuma in sun jiƙe a inuwa ake shanya su, rana na busar da fatar ta tsage. Na robar ba mu zubar ba. Mai kula da famfon mota yana sa su, kuma da damina, in ruwa ya shiga sito ko ana wanke sinadari, sun fi na fata amfani.

Wandon ma yana da hannu a tuntuɓe, ko da yake laifin rabi na girma ne. An yanka shi a jikin mutanen da suka fi yawancinmu kauri, don haka siririn mutum in ya sa sai hantsar ta sauko kusan tsakiyar cinya, ya kasa buɗe ƙafa sosai wajen hawa. Igiyoyin kafaɗar kuma suna saki in sun jiƙe. Mun koyi tsuke su kafin kowane aiki. Kada a kai wa telan unguwa ya rage shi, domin allurarsa za ta huda shafin tsakiya, kuma zarensa na roba ne, zai narke. Safar hannun tana kare hannu sosai, amma da ita ba ka iya ɗaukar mabuɗi daga ƙasa, kuma in ta jiƙe riƙon tsani sai da lura. Hular kwanon ba ni da abin cewa a kanta sai alheri, ba ta rinjayar wuya, kuma maɗaurinta na baya yana juyuwa ko da safar hannu.

Akwai abin da ya fi targaɗe, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na ɗaukar maganar zafi da wasa. A 2007 likitocin Jami'ar Harvard suka fitar da nazari a kan mace-macen masu kashe gobara a Amurka. Kusan kashi 45 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a bakin aiki ciwon zuciya ne ke kashe su. Lokacin da ma'aikaci ke yi yana fama da wuta bai wuce kashi 1 zuwa 5 na lokacin aikinsa ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan mace-macen a wannan ɗan lokacin suke faruwa. Dalilin a fili yake. Ruwan jiki ya ragu, jini ya yi kauri, zuciya na ƙoƙarin kai shi ga tsokoki da fata a lokaci guda, tana bugawa kusan iyakar ƙarfinta. A cikinmu akwai masu shekara hamsin, akwai masu hawan jinin da ba su taɓa aunawa ba. Rigar nan ba ta san wannan ba, kuma saboda tana hana ka jin zafin wuta, sai ta bar ka ka daɗe a ciki fiye da yadda tsohuwar za ta bari.

Don haka muka sauya tsarin aiki, kuma ina ganin duk mai sayen kayan nan tilas ya sayi tsarin tare da su. Ƙa'idar NFPA 1584 ta ce wanda ya ƙarar da tukunya ɗaya ta minti 30 ya huta aƙalla minti 10 ya sha ruwa, wanda ya ƙarar da biyu ya huta aƙalla minti 20. Wannan ga ƙasarsu ke nan. Mu a bazara daga tukunya ɗaya mutum ke zama, kuma ni ke cewa ya tashi, ba shi ba. Zaman ma ba a bakin mota cikin rana ba, a inuwa, a cire hula da riga gaba ɗaya, a sassauta wando, a zare takalmi in da hali. Zafin cikin jiki yakan ci gaba da hawa na wasu mintuna bayan an fito, musamman in rigar na nan a rufe, shi ya sa wanda ya ce maka "lafiyata ƙalau" a bakin ƙofa zai iya yin jiri bayan minti biyar. Muna tafiya da manyan bokitai biyu. A cika su da ruwan sanyi, mutum ya zauna ya tsoma hannuwansa har gwiwar hannu na minti goma zuwa ashirin. Masu bincike a Toronto ta Kanada sun gwada wannan a jikin masu kashe gobara tun 2004, suka ga ya fi zama kawai ko feshin ruwa da fanka saukar da zafin jiki. Ruwan randa ma ya isa, ba sai da ƙanƙara ba. Sai ruwan sha a hankali a hankali, da garin gishiri da sukari na kemis in aikin ya yi tsawo. Wanda ya fara magana ba kan gado, ko ya rikice, ko ya kasa tsayuwa, wannan ya wuce hutu. A tuɓe shi, a kwarara masa ruwan sanyi nan take, a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Kuma doka ta ƙarshe da na kafa: wanda ya riƙe bakin tiyo a ciki ba shi zai naɗe kaya ya sauko da su daga bene ba, sai masu sabon jini.

Azumi ma sai da muka zauna a kansa, domin a 'yan shekarun nan ya ratsa tsakiyar bazara, na 2022 ma kusan gaba ɗayansa a Afrilu ya faɗo. Mai azumi da ƙarfe uku na rana ya riga ya rasa ruwa tun kafin jiniya ta yi kuka. Na sami limamin masallacinmu na ce, "Allah gafarta Malam, yaran nan suna jin nauyin karya azumi ko da suna layi." Ya tara su ya yi musu bayanin abin da malamai suka faɗa, cewa wanda ceton rai ya hau kansa kuma ba zai iya ba sai ya sha ruwa, to ya sha, ya rama daga baya, haka wanda ke tsoron halaka a kansa. Daga bakinsa sun karɓa fiye da yadda za su karɓa daga nawa. Sababbin ɗauka kuma ba ma jefa su aiki da kayan haka kawai. Mako ɗaya zuwa biyu suke yi suna sa su kullum, ana ƙara musu lokaci kaɗan-kaɗan har jiki ya saba da zafin, kuma a cikin atisayen akwai hawa da saukar bene da tsallake tiyo bayan sun gaji, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Shagon da muka saya ba zan ambaci sunansa ba. Sun kawo kaya a kan lokaci, sun musanya mana wanduna biyu da suka yi yawa ba tare da gardama ba, kuma da na nemi takardar shaidar gwaji sun nemo ta. Amma yaron shagon bai san ma'anar Z ba, kuma da na ce ba na son takalman sai ya ce saiti ba ya rabuwa. Sai da na ga mai shagon da kansa na ce, "Alhaji, a karo na gaba ko ka raba ko in duba gaba," sannan aka daidaita. Kasuwar nan cike take da jabu. Akwai riguna masu ruwan lemo da ratsin ƙyalli waɗanda shafi ɗaya ne na auduga da roba, akwai kuma na gwanjo da aka yi ritayarsu a Turai ko Amurka. A ƙa'idar Amurka riga ba ta wuce shekara 10 daga ranar da aka ƙera ta, ko da a jaka ta zauna. Ku duba kwanan wata a ƙyallen wuya. In an yanke ƙyallen, ku ajiye rigar ku fita.

Wanki kuma da ruwan da bai wuce digiri 40 ba, ba bilic ko kaɗan don yana cinye aramid, kuma a inuwa ake shanya, hasken rana na raunana zaren a hankali. Kada a rataye su a bayan mota ko a bakin taga. Kada kuma a kai su gida a haɗa da kayan iyali. Tun 2022 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aikin kashe gobara a sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar, kuma baƙin da ke manne a rigar nan yana cikin dalilan. Rigar da ta yi datti ma ta fi riƙe zafi.

Ga mai gidan mai ko ƙaramin sito wanda ma'aikatansa iyakarsu tukunyar kashe wuta ta hannu kafin motar gwamnati ta iso, ba na ba shi shawarar wannan saitin. Mutumin da bai saba ba, in ka zuba shi a ciki da rana, kafin ya kai wurin wutar ya gaji. Riga mai shafi ɗaya marar kama wuta, da hula, da safar hannu, da takalmi mai kyau sun fi masa. Ga masu shiga cikin gini kuwa ba makawa sai irin wannan. Ku kai mutanen shagon da ƙafarsu, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za su riƙa sawa, kowa ya gwada nasa, ya tsuguna, ya durƙusa, ya ɗaga gwiwa ya taka saman benci. A kasafin baɗi ban rubuta ƙarin riga ko ɗaya ba. Na rubuta takalman fata ga waɗanda ba su samu ba, da tukwanen iska na zaren kabon masu lita 6.8, waɗanda za su sauke wa kowane mai shiga ciki kusan kilo 4 daga bayansa, da rumfar tamfol mai naɗewa da za mu riƙa kafawa a gefen mota.